Akawal ɗina yana faɗa da linzami: ƙarfen zan canza ko hannuna?

Mai Akawal:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an yi Sallah lafiya. Akwai abin da ke cina a rai tun ranar Hawan Bariki, na ga gara in kawo shi gabanku. Akawal ɗina, wato baƙin dokina, wanda wasunku suka gani a tawagar hakiminmu, shekararsa biyar yanzu. A Maigatari na saye shi yana ɗan shekara uku, kuma a lokacin in yana tafiya sai ka ce a kan ruwa kake. Ranar hawan nan kuwa, tun daga Ƙofar Soro har muka dawo gida bai ajiye kansa wuri ɗaya ba. In na ja kamazuru, wato igiyar linzami, sai ya cilla kai sama ya wage baki. In na sassauta sai ya fizge ya nemi gudu. Tafiyar ma ta rikice, ita ba tafiya ba, ita ba sassaka ba, sai ɗan tsalle-tsalle yana karkace gindi. Da na sauka na zare linzami, kumfar bakinsa ja ce. Wallahi daren nan ban iya cin abinci ba.

Wani abokina ya ce bakinsa ne ya yi tauri, in je maƙera a yi mani linzami mai dogon harshe. Wani kuma ya turo mani bidiyon dawakin Turawa a wasan da suke kira dirasaj, doki na rausaya kamar ba a riƙe da shi ba, ya ce irin wannan horon ne maganinsa. Babbar Sallah saura wata biyu da 'yan kwanaki. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Ɗan Sukuwa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka wahalar da kanka. Ingarma ɗan shekara biyar ƙarfi ne ke cinsa. Ga dawa, ga harawa, ga tambari da algaita, ga ƙarar bindiga ta ko'ina, wane doki ne ba zai tsuma ba? Sa mashi ƙarfe mai nauyi sati biyu zai dawo hayyacinsa. Dirasaj na masu filin ciyawa ne da dawakin miliyoyi. Mu a nan hawa muke yi cikin dubban mutane, in doki ya ƙwace maka yaran mutane zai taka.

Dakta:
Ƙanena Mai Akawal, kafin a je maƙera ko a je Turai, a buɗe bakin dokin nan tukuna. Inda aka ga jini akwai rauni. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili da babu haƙori, nan ƙarfen linzami yake zama. Dasashi ne siriri a kan ƙashi, babu tsokar da za ta tare. Ɗauki ƙarfe ka danna a ƙashin ƙaurinka ka ji, to kusan haka yake ji.

Ban da wannan, muƙamuƙin doki na sama ya fi na ƙasa faɗi, haƙoransa kuma suna ci gaba da fitowa kamar milimita 2 zuwa 3 duk shekara. Shi ya sa gefen turamen sama na wajen kumatu yake yin kaifi, na ƙasa kuma ta wajen harshe. Akan goge su da magagari. Wasu dawakin suna da wani ɗan mitsitsin haƙori a gaban turmin farko na sama, daidai inda ƙarfe ke bugawa. Ga shi ɗan shekara biyar bai daɗe da gama famfara ba, fiƙoƙinsa ma sababbi ne. Kar ka sa masa linzami ko wane iri ne sai ciwon ya warke, ragama kaɗai. Ka kuma bi bayansa da tafin hannu inda sirdi ke zama, in ya lanƙwashe ko ya kaɗa wutsiya ka gaya mani.

Mai Akawal:
Na gode Dakta. Yanzu na fito daga barga da fitila. Akwai tsagewa a dasashin ƙasa ta hagu, kuma ƙarƙashin haɓarsa inda zoben ke zama gashin ya goge. Bayansa bai nuna komai ba.

Baba na Barga:
Jikana ne ke rubuta mani. Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka ji zafin jinin nan, don da yawa sai su goge da tsumma su yi shiru. Na fi shekara arba'in ina kwana ina tashi da dawaki. Kada a ɗora wa linzaminmu laifin da ba nashi ba. Linzamin nan mai zobe, wanda zoben ke kewaye haɓa, harshen kuma ke taɓa ganda, ba a ƙera shi don mutum ya rataya a jikinshi ba. Don mayaƙi aka yi shi, mashi a dama, kamazuru a hagu, kuma kamazurun nan a sake yake, yana lilo. Ka taɓa da ƙaramin yatsa, doki ya ji, ka saki. Iyakar maganar ke nan. Wanda ya koya mani hawa, in ya ga kamazuruna ya miƙe kamar tsirkiyar baka, sauke ni yake yi in koma gida da ƙafa.

Abin da nike gani yanzu a filin hawa na Kangiwa shi ne yaro ya danna ƙaimi, ya kuma ja linzami, duk lokaci guda. Ƙafa na cewa tafi, hannu na cewa tsaya. Dokin ya rasa wa zai bi, sai ya yi ta haƙilo wuri ɗaya, 'yan kallo na ihu wai taƙama yake. Wannan ba taƙama ba ce. Doki mai taƙama kunnenshi na gaba, wutsiyarshi na kwance, bakinshi a rufe. Ina da tambaya ɗaya: wa da wa suka hau dokin nan a bana ban da kai?

Mai Akawal:
Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya na ba da aronsa wajen hawan angwanci sau huɗu ko biyar kafin azumi. Abokai ne, na ji nauyin hana su. Ni ma kaina na yi ta koya masa zamiya, wato tsayawa kwatsam cikin gudu, a kan kwalta.

Baba na Barga:
To ka ga inda aka haihu. Hannu biyar, yare biyar, baki ɗaya.

Malam Mai Horo:
Ina gaida Baba, ina gaida Dakta. Na yi shekaru ina aiki a wata bargar folo a Kaduna, a can na zauna da wata mai horon doki 'yar Jamus, kuma abin da zan faɗa yawancinsa daga wurinta na gani, sauran kuma daga dawakin da na gyara da hannuna a nan Katsina.

Da farko, Ɗan Sukuwa, a raba gasa da horo. Gasar dirasaj ita ce ke buƙatar fili mai mita 20 da 60 da alƙalai da tufafi na musamman, kuma tana cikin wasannin Olamfik tun 1912. Horon kuwa fili mai rairayi kawai yake so, mu kuwa rairayi Allah ya hore mana. Asalinsa ma horon dokin yaƙi ne, irin wanda Baba ya faɗa.

Jamusawa sun jera abin hawa shida kamar matakalar bene, tushensa daga ƙa'idar horon sojan dokinsu. Matakin farko daidaiton taku. Na biyu sakin jiki. Na uku ne karɓar linzami. Daga nan sai ƙarfin da ke tasowa daga ƙafafun baya, sai miƙewar jiki, sai na ƙarshe tattara jiki, inda doki ke mayar da nauyinsa baya gabansa ya yi sauƙi. Mai Akawal, kai ka zo da kukan mataki na uku, alhali na ɗaya da na biyu ne suka rushe. Dokin da bayansa ke ɗaure don tsoro ba zai taɓa miƙo maka baki ba, ko da zinariya aka ƙera linzamin.

Bari in tsaya kan taku, don nan ne ake gane gaskiya. Tafiya bugu huɗu ce: baya hagu, gaba hagu, baya dama, gaba dama, tazara iri ɗaya tsakanin kowanne, kamar mata sun kama lugude a turmi. In ka ji bugun ya haɗe bibbiyu, ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya suna tashi kusan tare, to tafiyar ta lalace, kuma yawanci hannu mai tsanani ne ke jawo haka. Sassaka bugu biyu ce, gaba hagu da baya dama tare, sannan gaba dama da baya hagu. Ƙaramar sukuwa, wadda 'yan folo ke cewa kanta, bugu uku ce, sai ɗan lokacin da ƙafafu huɗun duka ke sama.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Gobe da asuba ka share rairayi da tsintsiya tsawon taku ashirin, ka ja shi da ragama ya bi ta kai, sannan ka sunkuya ka duba sawu. Dokin da ya saki jiki, kofaton baya yana sauka cikin sawun na gaba ko ya zarce shi. In na baya yana faɗuwa bai kai ba, bayansa a ɗaure yake. Ka ɗauki hoto ka ajiye, bayan wata ɗaya ka sake.

Ɗan Daura:
Malam, da girmamawa, ni ban yarda a mai da Turawa malamanmu a kan tausayin doki ba. Ana gab da Olamfik ta Faris a 2024 wata shahararriyar mahayiyar Ingila ta janye saboda bidiyon da ya fito tana zabga wa doki bulala a ƙafafu. Ni da idona na ga hotunan dawakin gasar an lanƙwashe masu wuya har haɓa na neman taɓa ƙirji. Mu a Daura mun gaji hawa kaka da kakanni. Ka zo Hawan Magajiya ko Sallar Gani ka ga dattawan da ke sarrafa ingarma da yatsa biyu, ba su taɓa jin kalmar dirasaj ba.

Ɗan Sukuwa:
Yauwa Ɗan Daura, ka faɗi abin da ke bakina.

Malam Mai Horo:
Yayana Ɗan Daura, duk abin da ka faɗa ya faru, ba zan kare shi ba. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta dakatar da matar nan shekara guda. Lanƙwasa wuya da ƙarfin tsiya kuwa tun 2010 hukumar ta haramta shi, duk da haka ana ganin ɓurɓushinsa. A dokar gasar, in alƙali ya ga ɗanyen jini a bakin doki, an fitar da shi ke nan. Ka ga ashe su ma cutar da ke damunmu ita ke damunsu: mutum yana son siffar doki mai horo ba tare da ya yi horon ba, sai ya ƙirƙiro ta da hannu. A ƙa'idar gaskiya, hancin doki yana ɗan gaba kaɗan da goshinsa, kuma ƙeyarsa, bayan kunnuwa, ita ce mafi tsayi.

Batun ɗaukar abu daga waje kuwa, ai ba baƙonmu ba ne a Katsina. Sarki Muhammadu Dikko ne ya kawo folo garin nan bayan tafiyarsa Ingila a 1921, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya buga ta har ya kai darajar +7 a ma'aunin gwanintar 'yan folo. Ba wanda ya ce sun yar da gadon hawa. Sun ɗauki abin da zai amfane su ne suka ɗora a kan nasu.

Dakta:
In ƙara a kan maganar wuya. Doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kaɗai yake yi. In aka tanƙwara wuyansa fiye da kima hanyar iska tana matsewa. Ku haɗa wannan da zafin Katsina na watan Afrilu da nauyin kayan ado, sai ku gane dalilin da wasu dawakin ke jiƙewa sharkaf kafin a yi rabin hanya.

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Ni ba mahayiya ba ce, ɗana ne ke hawa, ni ce mai sayen dusa da harawa, shi ya sa nake bin zauren nan. Ku yi mani haƙuri, amma ni na ga kamar Baba da Malam ba abu ɗaya suke faɗa ba, ko da yake kowa na gaida kowa. Baba ya ce kamazuru ya zama a sake yana lilo. Malam kuma yana maganar karɓar linzami, wanda a bidiyon da na gani kamazurun a miƙe yake kullum. Yaro mai koyo wanne zai bi?

Malam Mai Horo:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin taɓo wurin da ya fi ko'ina haɗari. Gaskiya ne, hanya biyu ce, kuma kowace da ƙarfenta.

A horon dirasaj ana fara doki da linzami mara harshe mara zobe, ƙarfe mai santsi da gaɓa a tsakiya, irin wanda in ka ja da nauyin kaza, nauyin kazan nan ne ke isa baki, ba ƙari. Da irinsa ne ake riƙe kamazuru a miƙe, riƙo mai laushi da ba ya yankewa, kamar uwa ta riƙe hannun yaro a kasuwa, ba ta matse ba, ba ta kuma saki ba. Gwiwar hannu, da hannu, da bakin doki su zama a layi ɗaya. In doki na tafiya kansa yana gyaɗawa gaba da baya, to gwiwar hannu ta bi shi. Kuma dokin ne ke zuwa ya nemi hannu, saboda ƙafar mahayi ta turo shi daga baya, ba hannu ne ke jawo shi ba.

Linzaminmu mai zobe kuwa yana ninka ƙarfin hannu. Ja kaɗan, harshe ya tokare ganda, zobe ya matse haɓa. Wanda ya kalli bidiyon Turawa ya ce zai riƙe wannan a miƙe kullum, ya haɗa mafi munin hanyoyin biyu. Ina zaton da yawa cikin samarinmu abin da suke yi ke nan ba su sani ba.

Inda muke haɗuwa da Baba shi ne ƙarshen tafiyar. A dirasaj ana gwada doki da miƙa hannu gaba a saki kamazuru taku biyu ko uku. In ya ci gaba da tafiyarsa bai canza komai ba, ya ɗauki kansa da kansa ke nan. Dattawan da Ɗan Daura ya ambata, a wannan matsayin dawakinsu suke.

Baba na Barga:
Malam, na ji bayaninka kuma akwai ilimi a ciki. Amma ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta da a riƙe bakin doki kullum ba, ko da auduga ne. Mu da ragama muke fara dukushi, da murya, da doguwar tafiya. A fita bayan asuba a miƙi hanyar Ajiwa, a hau tudu a gangara, a ratsa rairayi mai zurfi, a dawo rana na ɗagowa. Wata shida ana haka kafin ƙarfe ya shiga bakinshi. Tudu da rairayi su ke koya wa doki ya sa ƙafar baya ƙarƙashin cikinshi, ba sai an zana mashi da'ira ba. Yau kuwa doki na turke da dabaibayi kwana shida, ana ɗura mashi dawa, ran Asabar a kwance shi a ce ya yi hankali. Ko ɗan mutum aka yi wa haka sai ya yi tutsu.

Malam Mai Horo:
Baba, maganar turke da dawa ba ni da abin cewa sai na'am. Tudu ma haka. Inda zan roƙi arziki shi ne dokin nan ba dukushi ba ne, ya riga ya san ƙarfe, kuma ya san shi a matsayin abokin gaba. Kamazuru mai lilo a hannun wanda bai ƙware ba, duk sanda ya ja, fizga ce take isa baki. Riƙo mai laushi da ba ya yankewa yana koya wa dokin cewa hannun nan ba zai ba shi mamaki ba.

Baba na Barga:
To a gwada naka a filin, a yi nawa a hanya. Dokin zai raba mu.

Mai Akawal:
Na karɓa duka biyun. Malam, don Allah faɗa mani abin da zan yi dalla-dalla in ciwon ya warke.

Malam Mai Horo:
Sai Dakta ya ce ya warke. Kafin nan ka rage dawa sosai ka ƙara ciyawa da harawa, kuma kullum a fita da shi da ragama yadda Baba ya ce.

In lokaci ya yi, ka kafa turke a fili, ka ɗaura igiya mai mita 10, ka zagaya kana jan layi a ƙasa. Ka sami da'ira mai faɗin mita 20 ke nan, sai ka cire turken. Minti goma na farko tafiya kawai, kamazuru dogo, ya miƙa wuya ya yi atishawa. Daga nan aikinka ɗaya ne: sauyi. Tafiya zuwa tsayawa, tsayawa zuwa tafiya, tafiya zuwa sassaka, a dawo. In za ka tsaya, kada hannu ya fara. Ka zauna sosai, ka fitar da numfashi, ka daina bin motsinsa da ƙugu, ka ce masa wata kalma guda da ba za ka riƙa canzawa ba, sannan ka dunƙule yatsu. Da zarar ya ba ka ko rabin abin da ka nema, buɗe yatsun nan take. Sakin shi ne ladansa, shi ne kuma darasin. In ka makara da daƙiƙa biyu, ya koyi cewa biyayya ba ta da amfani.

In ya cilla kai sama, kar ka mayar da hannu ƙasa kana zarto da bakinsa dama da hagu. Ka bi shi da hannu, ka sa ƙafa ya ci gaba, ka juya shi cikin da'irar. Lanƙwasar da'ira ita ke sa ƙafar baya ta ciki ta shiga ƙarƙashin jiki, kai kuma ya sauko da kansa. Ka yi ta dama ka yi ta hagu daidai wa daida, za ka ga gefe ɗaya ya fi masa wuya, kowane doki haka yake. Minti 20 zuwa 30 ya isa, ka tashi a kan abin da ya yi daidai.

Sai abu na ƙarshe, kuma kar ka ji haushi. Ka ɗaura wata igiya a wuyansa. Duk lokacin da ka ji za ka karkace a sirdi, ita za ka kama. Da yawanmu da bakin doki muke tsare kanmu daga faɗuwa ba mu sani ba.

Mai Akawal:
Ba haushi Malam, gaskiya ce. Na tuna ranar hawa da bindiga ta tashi, kamazurun na damƙe da hannu biyu.

Mai kula da zaure:
An goge saƙonni uku na masu tallan sirdi. Don Allah a bar wannan zaren ga maganar da ake yi.

Mai Akawal:
Jama'a, yau kwana 26 da fara maganar nan, na dawo da rahoto. Dakta ya zo ya goge turamen, ya ce na hagu har ya yanki kumatu ta ciki. Ciwon dasashi ya ɗauki kusan sati biyu. Na samo linzami mai gaɓa wurin wani ɗan folo. Kwana ukun farko ko sa masa shi sai da dabara, yana ganin ƙarfe yake ɗaga kai. Baba ya ce in shafa zuma a jiki, na shafa, yanzu da kansa yake buɗe baki.

Ga hoton sawu na farko da na shekaranjiya. A na farko kofaton baya bai kai na gaba ba da kusan faɗin yatsa huɗu. Yanzu yana sauka a ciki, ta dama ma yana ɗan zarcewa. Tafiya ta dawo bugu huɗu, ina jin ta a ƙuguna. Jiya ya tsaya sau biyu ban dunƙule yatsu ba, numfashi kawai na saki. Na daɗe a kansa ban motsa ba don daɗi.

Amma ba duka ne ya gyaru ba. Sassaka ta hagu har yanzu yana karkatar da kai waje yana jingina a hannuna. Kuma ran Juma'a masu kiɗan biki suka wuce bayan fili, nan take ya koma gidan jiya, kai sama, baki buɗe. Tambayata yanzu: in hau shi Babbar Sallah ko in haƙura?

Malam Mai Horo:
Madalla da wannan sawu. Ta hagun nan sai a hankali, can ne ciwon yake, bai manta ba. Hawa kuwa, ni ra'ayina ka haƙura bana. Cikin taro dole ka koma linzami mai zobe don tsaron jama'a, hannunka kuma bai gama zama ba. Fizga ɗaya za ta rushe aikin wata biyu.

Baba na Barga:
Kada a hau shi, amma kada a bar shi gida. Dokin da bai ji tambari ba yaushe zai saba da tambari? A yi mashi ado mara nauyi, a sa ragama, mutum mai natsuwa ya ja shi a bayan tawaga. Kafin ranar, a nemi mai ganga ya riƙa zuwa bakin fili yana bugawa daga nesa lokacin da dokin ke cin abinci, kullum yana matsowa kaɗan.

Ɗan Sukuwa:
Ni dai har gobe ina nan kan cewa hawa ba zamiya ba hawa ba ne, kuma ranar da akawal ɗin nan zai ga fili ya buɗe, da'irar Malam ba za ta tsayar da shi ba. Amma na ga hoton, ba zan ce ban gani ba. Mai Akawal, kar ka rasa hawa saboda wannan. Bidina mai shekara goma sha biyu yana nan, ko bindiga aka harba a kunnensa ba ya motsi. Ka hau shi, ni zan ja maka akawal ɗin a baya.

Baba na Barga:
Zamiya da ƙugu ake yin ta, a kan rairayi, ba a kwalta ba. Ka zo in nuna maka in Allah ya kai mu. In kuma kai za ka ja akawal ɗin, ka bar bulalarka gida.

Ɗan Sukuwa:
Na ji Baba, zan bar ta.

Maman Khalifa:
Malam, in ba takura, Khalifa zai iya zuwa ya kalli yadda kuke yi? Gunyarsa ita ma tana wage baki in ya ja.

Malam Mai Horo:
Ya zo Hajiya, ran Asabar bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Ya taho da gunyar da ragama, linzamin kuma ya riƙo shi a hannu in gani. Dakta, in kana gari ka leƙo ka duba mana bakinta. Mai Akawal, kai za ka zo da tsintsiya da igiyar.